Takalmin Hagu na Tsuntsuwa

Ke da kika rubuto min cewa na cika kuka, labarina ya ishe ki da hawaye, to yau ki gyara zama, da dariyata na zo. Ranar Talatar nan aka yanke mana hukunci, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kamar in tashi in taka rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki.

Ga waɗanda yanzu suka tarar da mu, bari in taƙaita muku. Shekara tara na yi da baban yarana, Allah ya ba mu 'ya'ya mata biyu. Babbar shekararta takwas, Tsuntsuwa muke ce mata, sai Auta mai shekara huɗu. Wata goma da suka wuce ya sake ni, ya haɗa akwatinsa ya koma gidan mahaifiyarsa, ya bar mu a gidan da na shiga tun ina amarya. Na ci gaba da ɗinkin labulena a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, ina kai yarana makaranta ina ɗauko su. Kwatsam rannan sai ga sammaci, wai a ba shi 'ya'yansa, ni kuma in fice masa daga gida. Tun a zaman farko Mai Shari'a, wata dattijuwa mai tabarau a kan tsinin hanci, ta fayyace mana cewa gida yara zai bi: wanda ya samu riƙonsu shi zai zauna a ciki. Ni gidan bai dame ni ba, ko a shago zan iya kwana. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne a ce na wayi gari ba mai ja min zani tana neman safarta.

Sai kun san dalilin sunan Tsuntsuwa za ku gane abin da ya faru. Lokacin da ta fara tafiya, ba takawa take ba, tsalle-tsalle take kamar tsuntsu a bakin rariya. Mu kuwa muka yi ta dariya, har sunan ya bi ta. Sai da ta shekara uku likitan ƙashi ya gwada ta ya ce ƙafarta ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, bambancin ya kai kaurin yatsa ɗaya da rabi. Ya ce ba abin tashin hankali ba ne muddin ana ƙara wa takalmin hagu kauri daga ƙasa. In ba a yi ba, ƙugunta zai riƙa ciwo, bayanta kuma ya karkace a hankali. Tun daga ranar babu takalmin da ya taɓa shiga ƙafar yarinyar nan ba tare da ƙari ba. Na makaranta, na unguwa, silifas na tsakar gida, har na shiga banɗaki. Duk bayan 'yan watanni kuma sai an sake gwadawa, don tana girma abin yana canzawa.

Na gaya wa babanta a lokacin. Yana danna waya ya ce duk yara haka suke, za ta miƙe. Daga baya ya ga 'yarsa tana tafiya tsaf, sai ya ɗauka maganarsa ce ta tabbata. Bai taɓa juya takalminta ya dubi ƙasansa ba.

Wanda ke yi mana wannan aiki shi ne Mai Takalmi. Shagonsa na can ƙarshen layin kasuwa, ɗan tsukuku ne, mutum uku in suka shiga sai ɗaya ya fita, ga warin gam da fata. Dogo ne, ba shi da yawan magana, yatsunsa kullum baƙi ƙirin da shafe-shafe. Ba ya fara aiki da abin awo. Yarinyar yake tsayarwa ba takalmi, ya riƙa zura wasu siraran alluna ƙarƙashin ƙafarta ɗaya bayan ɗaya, yana ja da baya yana duban kafaɗunta, har sai sun daidaita. Sannan ya yanka roba daidai kaurin allunan, ya manna, ya goge gefen, ya shafa masa launi yadda ko ƙawayenta na aji ba su taɓa ganewa ba.

Na san abin da kuke jira, tunda kun dame ni da tambaya. Wallahi har zuwa ranar Talata mutumin nan bai taɓa yi min maganar da ta wuce ta takalmi ba, sai dai sannu da gajiya. Amma ni ma ba zan yi muku ƙarya ba: in zan je shagon nakan daɗe a gaban madubi fiye da yadda gyaran takalmi yake buƙata.

Gwaggo, yayar mahaifina wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ba ta taɓa goyon bayan wannan shari'a ba. Ta tare a gidana mako guda kafin zaman ƙarshe, wai ta zo taya ni zama, alhali zuwa ta yi ta sauke ni daga kan bakana. Safe da yamma karatun ɗaya ne: 'ya'ya na ubansu ne, in sun girma da ƙafarsu za su nemo ni, mace mai mutunci ba ta tsayawa gaban jama'a ana tona mata asiri, ni yarinya ce, in tattara in huta in samu wani mijin. Da ta ji har da Mai Takalmi a cikin abin da za a faɗa a kaina, sai ta riƙe haɓa.

“Duk mazan duniyar nan, ki rasa wanda za a yi miki sharri da shi sai mai warin gam?”

Na ce, “Gwaggo, ai ba ni na zaɓi sharrin ba.”

Ta ce in rufe mata baki.

Yadda aka yi Mai Takalmi ya shigo cikin shari'ar kuwa, laifina ne. Kotu ta ba baban yara izinin ɗaukarsu na mako biyu a hutun makaranta. Don in riƙa jin muryarsu sai na ba Tsuntsuwa tsohuwar wayata, na manta ban goge saƙonnin ciki ba. Kwana uku ina samunsu, a na huɗu waya ta mutu murus. Ashe tana hannun lauyansa. Takardar likitan ƙashi kuma, wadda za ta wanke ni, tana cikin jakar takardun da baban yara ya kwashe ranar da ya bar gidan, sabon ganin likita kuwa sai wata mai zuwa aka ba mu. Lauyata, wata 'yar siririya da na yi ta raina wa a zuciyata saboda ƙaramar muryarta, ta ce in kwantar da hankalina. Ni dai na ce to, amma hankalin bai kwanta ba.

Ana gobe zama na biya shagon Mai Takalmi, don dama kafin yaran su tafi ya gwada Tsuntsuwa zai yi mata sabon na makaranta. Ya miƙo min su a farar leda, baƙaƙe masu maɗauri. Sannan ya ɗora min wani kwali naɗe da jarida, ya ce wannan kar in buɗe sai na dawo daga kotu. Na ɗauka silifas ɗinta ne na gida. Na ajiye kwalin a kan keken ɗinki, ledar kuma na cusa a jakata.

Da safe na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda ba ta da ado ko ɗaya, na yafa farin mayafi. Na ɗauki jan baki na ajiye, na sake ɗauka na sake ajiyewa. Gwaggo ta fito cikin shigarta ta zuwa gaisuwar mutuwa, tana jan carbi kamar ni ce mamaciyar.

A barandar kotu na hango yarana a kan benci tare da kakarsu. An yi musu anko da riguna masu ruwan hoda, masu baza kamar laima, an ɗaura musu ribbon a kai, ga fararen takalma masu ƙyalli sababbi fil. Auta na ganina ta sheƙo da gudu ta rungume min ƙafafu. Tsuntsuwa kuwa ta ɗaga min hannu daga zaune, tana murmushi, ba ta tashi ba. Yarinyar da in na dawo daga kasuwa take riga ƙanwarta isowa ƙofa, yau mako biyu ba ta gan ni ba amma tana zaune? Na dubi ƙafarta, na dubi fararen takalman nan masu ƙasa ɗaya sak, na gane komai. Na yunƙura zan nufe ta, lauyata ta riƙe min hannu. Ita ma ƙafar take kallo.

“Minti ashirin nake roƙonki,” ta ce a hankali. “Ki daure.”

Ban taɓa yin daurewa mai ɗaci irin wannan ba.

Aka bar yara a waje muka shiga. Lauyan babansu ya miƙe da takardu cike da hannu, ya gyara murya kamar zai yi huɗuba. Ya nuna hotunana ina shiga shagon, ina fitowa daga shagon, har da wanda nake dariya. Ya karanto saƙonnin ɗaya bayan ɗaya: an gama na makaranta, a kawo silifas ranar Asabar, robar ta cinye a sake wata. Ya ce wace uwa ce ke zuwa wurin mai gyaran takalmi sau ashirin da wani abu a shekara? Ya ce maganar ƙafa hanya ce kawai da na ƙirƙiro don in riƙa zuwa wurin namiji, tun ma da aurena, kuma na mayar da lafiyayyar yarinya gurguwa don biyan buƙatata. Ina jin Gwaggo a bayana tana salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige, ba don ƙaryar ba, sai don ɗan guntun gaskiyar da na san tana cikin hoton dariyar nan.

Sai baban yara ya tashi, cikin farar shadda sai ƙamshi yake. Ya rantse cewa shi ya fi kowa sanin 'ya'yansa. Ya ce mako biyu suna hannunsa, ranar farko ya tattara munanan takalman nan ya zubar a shara, ya saya musu na mutunci, kuma yarinya tana nan garau, in ban da 'yar shagwaɓar da uwarta ta koya mata.

Lauyata ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi ko ya tabbata da bakinsa cewa shi ya zubar da takalman, ya ce ƙwarai. Ta tambaye shi ko takalman da ke ƙafar yarinyar yau shi ya zaɓa, ya ce shi da kansa. Sai ta juya ga Mai Shari'a ta ce ba ta da shaida ko ɗaya, roƙonta kawai a kira yarinyar ta tako daga ƙofa zuwa gaban tebur.

Daga ƙofar ɗakin zuwa teburin bai fi taku goma sha biyar ba. Na ƙirga su ranar, kuma ba na jin zan manta. Tsuntsuwa ta shigo tana ƙoƙarin miƙe jikinta, ta cije leɓe, ta ɗaga kai kamar wadda aka gargaɗa. Taku uku na farko ta ci nasara. A na huɗu kafaɗarta ta hagu ta faɗa. Daga nan duk takun da ta yi sai jikinta ya tafi gefe ya dawo, rigar nan mai baza tana lilo, hannunta ya tafi ƙugu ta dafe, ta tuna ta sauke, ta sake dafewa. Ba ka jin komai a ɗakin sai ƙarar takalmin, ɗaya da ƙarfi ɗaya a sanyaye.

Mai Shari'a ta sunkuyo ta tambaye ta ko wani wuri na yi mata ciwo. Yarinyar ta saci kallon babanta, ta ce kaɗan ne, Baba ya ce in ta daina tunawa zai daina.

Dattijuwar ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

“Malam, ka ce ka fi kowa sanin 'yarka. Wace ƙafar ce mahaifiyarta take cewa gajeriya ce?”

Ya dubi yarinyar. Ya dubi lauyansa, lauyan ya sami abin karantawa a takarda. Ya sake duban ƙafafun kamar an rubuta amsar a jikinsu.

“Ta dama,” in ji shi.

Sai Tsuntsuwa ta juyo, da 'yar muryarta irin ta mai taimakon ɗan aji da ya kasa amsa, ta ce, “Hagu ce, Baba.”

Ni ban san lokacin da na buɗe jakata ba. Na ɗaga farar ledar, Mai Shari'a ta gyaɗa min kai. Na durƙusa a gaban kotu da mayafina yana jan ƙasa, na cire wa 'yata takalman ƙyalli, na sa mata baƙaƙen nan, na ɗaure maɗaurin. Ita kuwa ta dafa kaina kamar yadda take yi kullum da safe. Ta miƙe, ta ɗan taka na hagun sau biyu tana gwadawa, sai na ga kafaɗunta sun koma daidai. Aka ce ta je ƙofa ta dawo. Ta tafi tsaf, ciwon bai gama sakinta ba amma karkacewar ta tafi. A dawowa ma ɗan gudu ta haɗa da shi, ta faɗo jikina. Nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace, don haka ke mai ƙorafin hawaye ki yi haƙuri, wannan na daɗi ne.

Mai Shari'a ta karɓi takalmin hagu a hannunta, ta juya shi, ta shafa gefen robar da babban yatsa. Ta sa aka miƙa mata takardun lauyansa, ta bi ranakun saƙonnin. Ta ce ita abin da ta gani a nan shi ne shekara biyar na uwa tana kai takalmi gyara, kuma ta gode wa mai ƙara da ya tattaro mata wannan hujja da kansa. Masu iya magana sun ce in za ka haƙa ramin mugunta haƙa shi gajere. Nasa har da hotuna ya ƙawata shi.

Bayan ɗan hutu ta karanta hukunci. Riƙon yara nawa ne. Za mu ci gaba da zama a gidan. Babansu zai riƙa ɗaukarsu ranar Asabar ya dawo da su Lahadi, da sharaɗin takalman Tsuntsuwa su tafi da ita su dawo da ita, kuma ganin likita na wata mai zuwa da shi za a je. Lauyansa ya miƙe ya roƙi a ƙara abu ɗaya, ta yi ɗan tunani ta amince: duk ranar da na sake aure, yana da damar dawo da maganar gida da ta riƙo gaban kotu a sake dubawa. A lokacin ko a jikina. Wa yake ta aure, ga 'ya'yana a hannu?

A baranda baban yara ya tsayar da mu. Na ɗauka faɗa zai yi, har na gyara tsayuwa. Sai ya tsuguna da farar shaddarsa, ya ɗaga ƙafar Tsuntsuwa ya leƙa ƙasan takalmin, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce shekara biyar. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, amma tausayin bai kai ya rage min daɗi ba.

Gwaggo fa? Matar da ta zo da shigar makoki ita ce ta fita daga harabar kotu tana gaba muna baya, Auta a kafaɗa, tana gaya wa duk wanda ta haɗu da shi cewa dama ita ta san gaskiya za ta yi halinta. A mota ta karɓi ƙafar Tsuntsuwa ta ɗora a cinya tana duba aikin, ta taɓe baki ta ce ashe mai warin gam ɗin nan hannunsa da albarka. Sannan ta dube ni ta gefen ido ta ce ta dai san na ji layin ƙarshe na hukuncin, in kama kaina.

Mun isa gida rana tana tsaka. Na zuge labulen falo, waɗanda na ɗinka da hannuna shekarar da aka haifi Auta, haske ya cika ɗakin. Mako biyu gidan nan yana shiru kamar ba kowa, cikin minti biyar suka mayar da shi kasuwa. Auta ta baje kayan wasanta a kan kafet, Tsuntsuwa ta ƙi cire sababbin takalmanta, tana zagaye tsakar gida da rigar ankonta tana kiran 'yar maƙwabta ta katanga. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallonsu, na ce a raina, nawa ne, kotu ma ta faɗa.

Sai da na shiga ɗakin ɗinki ajiye takardar hukuncin na ga kwalin nan a kan keke. Na kira Tsuntsuwa ta zo ta gwada silifas ɗinta, ba ta ji ni ba. Na yage jaridar na buɗe.

Ba silifas ba ne, kuma ba na yara ba ne. Takalmin mata ne na fata mai laushi, ruwan ƙasa, marar tsini, an yi masa ɗinkin hannu siriri a gefe. Ina riƙe da shi wayata ta yi ƙara. Saƙon Mai Takalmi ne, ya fara da tambayar yadda aka ƙare da kuma ko na makarantar ya zauna wa yarinya. Kafin in amsa wani saƙon ya shigo.

“Na kwalin naki ne. Ban taɓa gwada ƙafarki ba, da ido na yi. In bai yi miki ba ki dawo min da shi, ba za ki sake jin wata magana daga bakina ba sai ta takalmi. In ya yi miki, ina neman izini in zo in gaida Gwaggo.”

Na karanta sau uku. Na dubi takardar kotu da ke kan keken ɗinki, layin ƙarshen nan yana kallona. Ta taga ina jin takun 'yata a kan siminti, ɗaya daidai da ɗaya. Na tura ƙofa na rufe, na zauna a kan kujerar ɗinki, na ce bari dai in gwada, wataƙila ya matse ni in huta. Shekara tara na yi da mutumin da bai san wace ƙafar 'yarsa ce gajeriya ba, ina wani zai san tawa daga kallo?

Na zura ta dama, na zura ta hagu, na miƙe tsaye.

Ya yi min, 'yan uwa. Ko kaɗan bai matse ni ba.